Shida Muka Yi ko Bakwai?

Zuwa ga yayana Sule, a Ringim.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙani ga yayansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida. Mu nan unguwar Mansur lafiya lau, sai godiyar Allah. Maiɗakina Ummu Salihu tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko kafaɗar nan ta daina damunka. Mutanen layinmu ma ba su daina cigiyarka ba tun da ka koma gida.

Yaya, na bar taba. Na san za ka yi dariya, domin kai ka san ni da ita. Amma ka ɗan haɗiye dariyar tukuna, don ban rubuto in yi maka albishir ba. Na rubuto ne saboda kaina ya ɗaure, kuma duk garin Makka ban ga wanda zan zauna in warware wa zancen nan ya fahimce ni ba in ba kai ba.

Na san ba kai kaɗai za ka ji wasiƙar nan ba, a zaure za a karanta maka ita, kuma mutanen gida ba su san sana'armu ba. To su sani, ni da yayana 'yan shubriyya ne. Shubriyya wani ɗan gado ne na katako da muke ɗora tsofaffi da marasa lafiya a kai, mutum huɗu su saɓa a kafaɗa, su kewaya Ka'aba da su sau bakwai. Biyu a gaba, biyu a baya. Dole kafaɗun na gaba su zo daidai, in ba haka ba gadon ya karkace, tsoho ya fara salati. Ni da kai tsawonmu ɗaya, shi ya sa Mu'allim Tanko, shugaban ƙungiyarmu, ya haɗa mu a gaba tun ranar da muka fara, kai a dama ni a hagu. Kuma na gaba ta hagu shi ne mai riƙe da lissafin zagaye. Sauran ukun ba ruwansu, ƙafa kawai suke ɗagawa har sai ya ce halas, wato an gama.

Da ka tafi, wani Usmanu ɗan Maiwurno aka sa a wurinka. Mutumin kirki ne, sai dai ya ɗan fi ni tsawo, don haka nake ƙara kaurin gammo. Ni dai na ci gaba da riƙe hagu, wurin da ka bar ni.

Ka tuna inda na fara shan taba? A gonakin auduga na Jazira, lokacin da guzuri ya ƙare mana a Sudan muka tsaya ƙwadago. Kai ka miƙo min, ka ce tana kashe yunwa. Ta kuwa kashe, ba zan yi maka ƙarya ba. Ba tuhumarka nake yi ba, Yaya, ni na buɗe bakina. Amma alhazan Ringim da suka zo bara sun ce min ka yar da ita rana ɗaya, ko waiwaye ba ka yi ba. Wallahi na kasa gaskata wannan labari. Ko dai ƙarya suka yi maka ta alheri, ko kuma akwai wani abu da ka sani ka ɓoye wa ƙaninka.

Ga yadda tawa ta faro. Cikin azumin da ya wuce tari ya matsa min. Wata rana muna ɗauke da wata tsohuwa, tarin ya sarƙe ni daidai Hijiri Isma'ila, kafaɗata ta sunkuya, tsohuwar ta ƙanƙame katako tana kiran sunan Allah. Ba ta faɗo ba, amma Mu'allim Tanko ya gani. Ya ja ni gefe, bai ɗaga murya ba, ka dai san shi. Ya ce, “Ya Idi, shubriyya ba ta son mai tari. Ko duhan ko sanda, zaɓi ɗaya kafin mausim.” Wato ko taba ko sandar shubriyya, kafin alhazai su cika gari.

Na zaɓi sanda. Me zan zaɓa? Wurin nan shi ne abincina, shi ne kuma abin da ya rage min na zamanmu tare. Ranar Ƙaramar Salla na kwashe kwalin da ya saura da akwatin ashana na watsa su a murhu gaban Ummu Salihu, ina ta cika baki. A lissafina abu ne mai sauƙi, tunda na yi wata guda ina wuni ban sha ba. Abin da ban lura da shi ba shi ne, mai azumi yana da magariba da yake jira. Wannan kuwa ba shi da magariba.

Yaya, ban san haka abin yake ba. Na ɗauka a baki ake jin ta, ashe ko'ina take. Takan taso min daga ƙirji, ta hau wuya, ta zauna a bayan idanu. Sai in ji duk duniya ta yi min ƙunci, ina neman wani abu ban san ko mene ne ba, alhali na san ko mene ne. Takan yi ɗan lokaci ta lafa, in ce alhamdu lillahi na rabu da ita, sai in ga wani ya ƙyasta ashana a tsallaken titi, shi ke nan ta dawo sabuwa ful.

Mafi muni shi ne bayan cin abinci. In na gama da wake da burodin tamis da safe, na kurɓi shayi, sai hannuna ya tafi aljihu da kansa. Ya laluba, ya dawo wayam, can kuma ya sake komawa. Na taɓa tsayawa a tsakiyar kasuwar Mansur ina ta shafa aljihu har wani mai sayar da tsire ya tambaye ni ko an yi min sane ne.

Ga kuma faɗa. Ni da ka sani ba mai hayaniya ba, na zama abin gudu a gidana. Na yi wa Ummu Salihu tsawa a kan wai shayi ya yi zaƙi, washegari na yi mata a kan bai yi ba. Ta dube ni ta ce, da Hausarta ta haihuwar Makka, wai in dai haka barin duhan yake, to ita ta fi son mijinta na da, mai wari. Na so in yi dariya, sai kawai na ji ƙwalla ta cika min ido, ban kuma san dalili ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne tarin. Don shi na bari, amma sai ya ƙaru. Kaki baƙi-baƙi nake fitarwa kowace safiya. Wani tsohon ɗan dako ya ce min ƙirjin ne yake shara, in ƙara haƙuri. Wataƙila gaskiyarsa ne, don na lura in muna ɗauke da kaya numfashina ya fara kai ni inda da ba ya kai ni. Hancina ma ya buɗe, har ƙamshin turaren da ake shafa wa Ka'aba nake ji daga nesa. Sai dai kan ne ya tafi. Ana yi min magana ina kallon bakin mutum, sai ya gama in ce me ka ce. Sau biyu ina sa takalmi ƙafa daban-daban.

Kowa da maganin da ya ba ni. Wani ya ce asuwaki, na tauna har dasashina ya yi jini. Wani ya ce goro, amma ka san goron da ke iso mana nan, sai ya bushe ya zama kamar tsakuwa, kuma sai alhazai sun zo da shi. Daga ƙarshe ƙwallon dabino ne ya ɗan karɓe ni. In na ci dabinon sai in bar ƙwallon a baki, in yi ta juya shi da harshe. In ya yi salam in jefa shi a aljihun hagu, in nemi wani.

Yanzu ka saurara da kyau, don nan ne matsalar take. Ka tuna yadda nake riƙe lissafi? Tsinken ashana bakwai nake zubawa a aljihun dama. Duk lokacin da muka zo daidai Baƙin Dutse muka cika zagaye, sai in ɗauki ɗaya in mayar aljihun hagu. In dama ta zama babu komai, ɗawafi ya cika. Shekara da shekaru ban taɓa kuskure ba, kai shaida ne. To da na ƙone ashanata, na kuma rantse ba zan ƙara yawo da ita ba, sai na ga ai ga ƙwallon dabino a wadace. Na riƙa zuba bakwai a dama. Na ma yaba wa kaina da wannan dabara.

Ranar Talatar da ta gabata, da hantsi, aka kawo mana wani dattijo daga Damagaram, sunansa Malam Abdu. Ta jirgin ruwa ya iso, ƙafafunsa duk sun kumbura, idonsa kuma ya yi rauni ƙwarai. Umara zai yi. Mai yi wa ayarinsu jagora yana fama da jama'a da yawa, don haka ya bar mana shi. Tun da muka saɓa shi ya fara kuka, bai daina ba. Ba ya ma bin addu'ar da ake karantawa, sunan iyayensa kawai yake kira yana nema musu gafara.

Rana ta yi zafi, ga cunkoso, ga ƙarar masu aikin sabon ginin Masallaci. A tsakiyar ɗawafin abin nan ya taso min, irin tasowar da ban taɓa ji ba. Miyau ya tsinke min, kunnuwana suka toshe, na riƙa ganin mutane kamar ta cikin ruwa. Na dai cije, na ci gaba da ɗaga ƙafa. Ban yi tari ko sau ɗaya ba, Yaya, wannan kam na tabbata. Can na sa hannu a dama na ji babu komai, na ce halas. Muka sauke shi bayan Maƙamu Ibrahim ya yi raka'a biyu a zaune, muka miƙa shi ga masu kai mutane Safa da Marwa. Ya yi ta sa mana albarka.

Na gangara shan Zamzam. Na kai kofi baki ke nan sai na ji wani abu ya bugi haƙorina. Na tofa a tafin hannu. Ƙwallon dabino ne.

Yaushe ya shiga bakina? In da shi na shigo Masallaci, to ba komai, bakwai muka yi. In kuwa lokacin da abin ya taso min ne hannuna ya zaro shi daga dama ya kai baki, kamar yadda ya saba kai sigari, to shida muka yi, na sauke bawan Allah da sauran zagaye ɗaya a kansa. Na zazzage aljihun hagu don in ƙirga, sai na tarar da tuli, na lissafi da na tsotso duk sun cakuɗe. Na zauna a wurin ina juya su a hannu, wai ko zan gane wanne ne wanne.

Na tambayi Usmanu a asirce ko ya lura. Ya ce shi tun da ya fara aikin nan bai taɓa ƙirgawa ba, ai aikina ne. Na bayan ma haka. Na je wurin wani malami a unguwar Tandabawi ban faɗi sunan kowa ba, ya ce shakkar da ta zo bayan an gama ibada ba a waiwayarta. Hankalina ya kwanta har na iso bakin titi. Sai na tuna ai ni ba bayan an gama na rikice ba, a ciki na rikice. Na je wurin wani malamin, shi kuma ya ce tunda mutumin yana gari, a sake ɗawafin ya fi. Na fito na fi yadda na shiga ruɗewa.

Ka ga inda na tsaya. In na yi shiru, babu wanda ya sani sai Allah, sandata tana hannuna. In na yi magana, dole a sake tara mutum huɗu, dole Mu'allim ya ji, ga mausim ya ƙarato, kuma ka san ba ya wasa da lissafi. Kwana biyu ina wannan saƙa da warwara. Na wuce ta gaban shagon gahawar nan na kan kwana, inda muke zama ni da kai a kan dogayen kujerun igiya, hayaƙi yana ta tashi. Zuciyata ta riƙa ce min kara ɗaya kawai, kan zai washe, in tuna ko shida ne ko bakwai. Har yanzu ban sani ba ko Shaiɗan ne yake min wannan magana ko kuwa gaskiya ce tsagwaronta. Na tsaya a bakin wurin har mai gahawa ya yi min tayin kujera, sannan na ja ƙafa na wuce.

Ranar Alhamis na nemi masaukin Malam Abdu. Na same shi a zaune kan tabarma, an yi masa aski, ya sa rigarsa ta gida, fuskarsa sai annuri. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da tabar, har da dabinon. Na tambaye shi ko shi ya ƙirga. Ya ce ina, shi a ranar ko sunansa aka tambaye shi ba zai iya faɗa ba. Ni dai ina jiran faɗa. Sai ya laluba ya kama hannuna ya ce, “Ɗana, tun ina saurayi nake roƙon Allah ya kawo ni ɗakin nan ko sau ɗaya. Yanzu kai ka zo kana ba ni haƙuri don za a sake kai ni?”

Aka sake ɗaura masa farin mayafin harami, muka sake saɓa shi. Wannan karon Mu'allim Tanko da kansa ya bi mu a gefe yana ƙirgawa da carbi, bai ko dube ni ba. Tsohon ya sake yin kukansa daga farko har ƙarshe.

Da muka fito waje, Mu'allim ya kira ni bayan wani shago. Na shirya jin wankin babban bargo. Maimakon haka sai ya sa hannu a aljihu ya fito da sigari kara ɗaya, shi da bai taɓa sha ba, ka ga ke nan takanas ya nemo ta domina. Ya ce, “Ma'alesh, ba komai, ya Idi. Karɓi ka sha. Da kana tari, amma ba ka taɓa ɓata min ɗawafi ba. Tari zan iya zama da shi har bayan mausim. Wannan kan naka ne ba zan iya zama da shi ba.”

Yaya, ka ji fa. Mutumin da ya ce in bar ta don in riƙe sanda, shi ne yake miƙo min ita don in riƙe sanda. Na dube ta. Fara tas, ƙamshinta har cikin ƙwaƙwalwata. Duk jikina ya amsa. Na buɗe baki da niyyar in ce to, na gode. Abin da na ji ya fito shi ne, a'a Mu'allim, na bari. Ban san wanda ya faɗi wannan magana ba. Ni dai ban shirya ta ba, kuma ko minti ɗaya ba a yi ba na fara da-na-sani.

Mu'allim ya mayar da ita aljihu, ya ce to Allah ya taimaka, amma ba zai ɗora alhazan mutane a kan wanda bai san shida daga bakwai ba. Ya ce in huta, in kaina ya dawo bayan Hajji in zo mu gani. Ka san abin da “mu gani” take nufi a bakinsa. Washegari aka ba wani Bazabarme hagu, kafaɗarsa kuma ta zo daidai da ta Usmanu, ko gammo ba sai an ƙara ba.

To ga ni nan. Abin da na bar tabar dominsa ya tafi, ita kuma ban koma mata ba, kuma in ka tsare ni ka ce in faɗi dalili ba ni da shi. Ummu Salihu ta ce taurin kai ne irin na gidanmu. Wani ya ce imani ne. Ni dai ban ji wani imani ba, abin da nake ji kawai shi ne haushi da kunya da son taba. Ana ce min akwai aikin ɗiban ruwa a unguwar Zahir, wataƙila in gwada. Ka gafarce ni, Yaya, wurin da ka bar ni ban iya riƙe shi ba.

Jiya bayan la'asar, da na rasa inda zan sa kaina, na shiga Masallaci na yi ɗawafi ni kaɗai. Sai a lokacin na lura rabona da in kewaya ɗakin nan ba kowa a kafaɗata har na manta. Mu ƙafafun mutane muke kallo da inda za mu taka. Jiya na ɗaga kai na ga Ka'aba tun daga ƙasa har sama, da rubutun zinaren da ke jikin rigarta, da tantabaru suna shawagi a gefe. 'Yan ƙungiyarmu suka zo suka wuce ni da wata tsohuwa a sama, Usmanu ya ɗan ɗaga min gira. Na tsaya hawaye yana zuba. Kuma wallahi, Yaya, ba zan ɓoye maka ba, a daidai wannan lokacin ma, a gaban ɗakin Allah, taba nake so.

Ka rubuto min ta hannun alhazan bana. Kada ka yi min wa'azi, na sha shi ya ishe ni. Ka faɗa min gaskiya kawai, kai ma haka ka ji? Kan yana dawowa? In yana dawowa, zan jira shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya jiƙan Inna da Baba, ya karɓi umarar Malam Abdu, ta farkon ko ta biyun, duk wadda ta cika a wurinsa. Ni kuma ka sa ni a addu'a, Allah ya riƙe min hannun nan nawa gobe kamar yadda ya riƙe shi yau, don ni ba ni nake riƙe da shi ba. Amin.

Ƙaninka da ke kewarka,
Idi, daga Mansur, Makka.